Gwaggo Sifili

A layin da ke bayan kotu, tsakanin mai gyaran agogo da mai yanka mukulli, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum huɗu a tsaye. Injin fotokofi ya cinye rabinsa, kwamfuta da sikana sun cinye saura, mai shagon kuma tana can a lungu da tabarau a kan hanci. Shekarunta hamsin da uku. Ashirin da shida daga ciki ta yi su ne tana buga tafireta a kotu, kuma har gobe in ka kawo mata takarda mai kuskure sai ta turo maka abarka ta ce ka je ka gyara, don ita ba ta buga abin da ba haka yake ba. Lauyoyi Anti suke ce mata, suna shakkarta. A gida kuwa, daga 'ya'yan wanta har jikokinsa, Gwaggo Sifili ce. Tana amsawa. Shekara talatin da shida ke nan tana amsawa, kuma babu ranar da sunan bai soke ta ba.

Da can Auta ake kiranta, su biyu ne kawai a wurin iyayensu, ita da Yaya. Babansu ma'aikacin gidan waya ne, a kan sikeli yake, mai auna wasiƙu da ƙunshin kaya. Mutum ne da ko ka ce masa ana ruwa sai ya miƙa hannu ta taga ya ji. Ba mugu ba ne, yana da dariya har da tsokana, amma ƙarya ce ba ya haɗa hanya da ita.

Tana shekara goma sha bakwai wani abokin aikin Baba da aka yi wa canji zuwa wani gari ya bar masa wata baƙar na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin, da sanda guda mai jan maɓalli, da kaset ɗaya tak. Wasan kaset ɗin daga wani fim na sararin samaniya aka ciro shi, wanda ya yi wata uku a silima. Auta ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Yaya, wanda a lokacin yake koyon aikin hoto a wani sutudiyo, ya kalle shi sau huɗu, kuma ya ba su labarinsa sau arba'in har da ƙarar bindiga da baki: wata tasha ce a can sama, ƙwarin ƙarfe suna zuwa shanye wutarta, matuƙi ɗaya ya rage yana kare ta.

A jikin kaset ɗin an zana duk wannan da launi mai ɗaukar ido. Da aka kunna, jirgin ya fito kamar kwalin ashana mai hanci, tashar kuwa wani ɗigon haske ne a tsakiya, ƙwarin suna rarrafowa daga dama da hagu suna wani kuka mai ban haushi. Mama ta leƙo ta ce, "Wannan ne abin da aka hana ni barci da labarinsa?" Ta koma kicin. Amma kafin mako ya zagayo, kowa a gidan ya yi kanta a babban yatsa, har Baba.

Wasan ba shi da ƙarshe, sauri kawai yake ƙarawa har ya gama da jiragenka uku. Ba a tsayar da shi a je a sha ruwa. Kuma da an kashe na'urar, makin da ka tara ya tafi ke nan. Saboda haka Baba ya kafa doka: ba a yarda da makin kowa sai shi ya gani da idonsa, ko a kawo masa hoto. Wanda ya tabbata, shi yake rubuta shi da alli a bayan ƙofar falo. Wata biyu ana goge suna ana sake rubutawa, har Yaya ya kai dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu, allin ya tsaya a kansa. In zai fita aiki sai ya shafi lambar da yatsa, ya ce, "Auta, ki gaishe da yayanki, yana nan bayan ƙofa."

Abin da bai sani ba shi ne Auta ta gama makaranta, tana jiran a kira ta koyon tafireta, safiyarta duk tata ce. Tana gama shara sai ta zauna a gaban talabijin. Ita ce ta gano cewa jan ƙwaro, wanda yake kashe kowa, yana yin wani ɗan tsaki kafin ya fito, kuma tsakin na dama ya fi na hagu kauri. Maza suna wasa da ido, ita ta koma yi da kunne. Ta wuce makin Yaya sau uku ita kaɗai a falo, ta kashe na'urar ba ta gaya wa kowa ba, don ta san dokar gidan.

Wata Asabar, Baba yana aikin rabin rana, Mama ta tafi duba 'yar'uwarta a asibiti, Yaya ya zo gida da kyamarar maigidansa. Auta ta ce, "Yaya, in na wuce ka za ka ɗauka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ki wuce ni, ni da kaina zan kai wa Baba hoton a firam."

Ta fara da ƙarfe tara. Wajen sha ɗaya ta wuce dubu sittin da ɗaya, dariyar Yaya ta ɗauke. A gaskiya da farko ya yi abin kirki: ya tashi ya ja labule, ya cire filasha don kada haskenta ya wanke fuskar talabijin, ya jingina kyamarar a kan kujera don kada hannu ya yi rawa. Har ruwa ya riƙa ba ta a baki. Ta ce ya ɗauka. Ya ce, "Ci gaba, kada mu ɓata fim, bari ya yi kauri." Dubu tamanin. Dubu casa'in. Gumi yana shiga idonta ba halin sharewa, yatsanta ya fashe. Ta ji ƙarar kyamara a bayanta sau ɗaya, can ta sake ji.

Gidan lamba biyar ne kawai a saman talabijin ɗin, kuma babu wanda ya taɓa tunanin abin da zai faru in sun cika. Daga tara-tara, sai gaba ɗaya suka juye suka koma sifili. Ta saki sandar ta ɗora hannu a ka, ƙwarin suka rufe jirginta na ƙarshe, wasan ya tsaya a kan arba'in: sifili uku, huɗu, sifili. Kyamara ta yi ƙara ta uku. A daidai nan aka ji Baba yana jingine kekensa a tsakar gida.

Ta tare shi tun daga ƙofa, magana tana tuntuɓe a bakinta. Baba ya cire hula, ya sunkuya ya karanta lambar a hankali kamar yadda yake karanta sikeli.

"Arba'in," in ji shi.

"Baba, cika ya yi ya koma farko. Wallahi cika ya yi."

"Auta, shekara ashirin ina kan ma'auni. Allura ba ta komawa sifili sai an sauke kaya." Ya juya ga ɗansa. "Kai, kana nan. Me ka gani?"

Yaya yana naɗe igiyar kyamara a hannu. Ya dubi bayan ƙofa, ya dubi talabijin, sannan ya yi wani murmushi na gefen baki. "Ni dai, Baba, abin da na gani ke nan."

Baba bai daka mata tsawa ba, da ma ya daka. Cewa ya yi, "A gidan nan ba a ƙarya, ko da a wasa ne." Ya wuce ɗaki ya bar ta a tsaye da jini a yatsa.

Ta riƙe zancen hoto kamar igiya. Bayan mako guda Yaya ya dawo da guda ɗaya: ga ta ta juyo da hannu a ka, baki buɗe, ga sifilai a jere. Sauran biyun, in ji shi, haske ya shiga sun ƙone. Ta ce to a kunna ta sake a gaban Baba. Aka nemi kaset aka rasa. Ashe Yaya ya ba wani abokinsa ya karɓo na ƙwallon ƙafa, abokin kuma ya ba wani, kaset ya ɓace ko sama ko ƙasa. Ranar da aka zagaya da hoton a falo ana dariya, Baba ne da bakinsa ya fara ce mata Sifili. Don tsokana ya faɗa, ya ga kamar ta haka za a wuce wurin.

Wani zai ce mene ne abin riƙewa a wasan talabijin? To ai ba makin ne ya tafi ba, maganarta ce ta tafi. Daga ranar, duk abin da ta faɗa a gidan sai an rage masa nauyi. In ta ce ta ga wane a kasuwa, sai a ce, "Ko dai irin dubu ɗarin nan ce?" Da ta ce silin ɗin ɗakin Baba ya fara lotsawa, sai da ya zubo kan gado aka yarda. Da ta ce Baba yana ɓoye ƙwayoyin maganinsa a aljihun riga ba ya sha, Yaya ya ce, "Sifili ta fara." Yaya ya buɗe nasa sutudiyon, ya rataye hoton a firam sama da teburinsa, duk wanda ya tambaya sai ya ba shi labari, kuma ya iya ba da labari, Allah ya ba shi wannan. A can mijinta ya tsinci sunan, ranar da suka je ɗaukar hoton farko tare. A kotu alƙalai suna sa hannu a kan abin da ta buga ba tare da sun karanta ba, don sun san ko waƙafi ba ta ƙarawa. Ta dawo gida kuma ta zama mai ƙarin gishiri.

Baba ya yi shekara ashirin da ɗaya bayan wannan Asabar. Ita ce ta yi jinyarsa. Rana ta ƙarshe ya kama hannunta ya matse da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Sifili, ba ni ruwa." Cikin ƙauna ya faɗa, ta sani. Amma da wannan sunan ya tafi a bakinsa.

Bara idon Yaya ya gaza. Da ma waya ta riga ta kashe kasuwar hoto, sai ciwon ido ya ƙarasa. Babbar 'yarsa, wadda suke kira Malama saboda tana koyarwa, ta kwaso kwalaye tara na nagetif, wato fim ɗin da ake wanko hotuna daga cikinsa, a bayan mota ta kawo shagon. "Gwaggo Sifili, mutane suna ta zuwa neman hotunan iyayensu. Ki taimaka ki sa mana su a kwamfuta, in kin sami sarari."

Yaya, duk halinsa, mai tsari ne a aiki. Kowane nagetif yana cikin ambulan ɗinsa, da suna da kwanan wata a rubuce da kyau. Wata huɗu tana yi, in babu mai jiran fotokofi. Ran nan da hantsi, a ƙasan kwali na bakwai, ta ciro wani ambulan da ya yi rawaya, babu sunan kowa a kai sai "Gida". Ta shimfiɗa fim ɗin a sikana ba tare da ta ɗaga shi ta duba ba, ta danna, tana hira da mai yanka mukulli ta taga.

Hoto na farko: bayan wata yarinya mai kitso biyu, gwiwar hannunta a sama, talabijin yana nuna dubu casa'in da bakwai da wani abu. Na biyu: yarinyar ce dai, lambar ta fito tas, ko kaɗan ba ta yi rawa ba, dubu casa'in da tara da ɗari tara da saba'in. Na uku ta san shi, a bango ya tsufa. Babu wanda ya ƙone. Ta juya ambulan ɗin, sai ga makin da ke cikin hoto na biyu an rubuta da fensir a can ƙasa, da hannun Yaya.

Mai yanka mukulli yana ta magana, ba ta ji. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi haka bai ga wannan ba, shekara talatin da shida ana tafiya a cikinsa ba a taɓa bango ba. Ta cire tabarau ta yi kuka, kuka na haushi, irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar Baba. Sannan ta wanke fuska, ta sa takarda mai kyau, ta buga hoto na biyu babba.

Ranar Asabar da la'asar ta je gidan Yaya. Yana baranda a kujerar roba da rediyo a cinya, 'ya'ya da jikoki suna ciki ana kallo. Ya gane takunta.

"Sifili, yau kuma rana ta ina ta fito?"

Ta zauna ba ta amsa gaisuwar ba. "Yaya, na kai kwali na bakwai."

Ya laluba ya kashe rediyon. Ta ɗora masa hoton a hannu, ya shafa shi da yatsu, ko ɗaga shi kusa da fuska bai yi ba.

"Dubu casa'in da tara da ɗari tara da saba'in," in ji shi a hankali. "Da na makara da daƙiƙa guda, da ya juye ban samu ba. Duk rayuwata ban ɗauki hoton da ya fi shi wuya ba, Auta."

Sunan ya kusa karya ta. Ta daure. "Me ya sa?"

"Allina ne a bayan ƙofa. Yaro ne ni. Na ce bari in ja kwana biyu in nuna wa Baba. Sai ya yi maganar ƙarya. To in na fito da shi, wane ne maƙaryacin? Kullum sai in ce gobe."

"Shekara ashirin da ɗaya Baba yana raye, Yaya. Sutudiyonka da gidansa layi ɗaya ne tsakani."

"Na sani."

"Ka rataye na ukun a bango kana ba baƙi dariya."

"Na sani, Auta. Ki yafe mini."

"Ba a ɓoye ka yi mini ba, a gaban mutane ka yi. Ka kira su ka faɗa da bakinka. Hoto ba ya magana, kuma ni ba hoto na rasa ba. Wanda yake wurin nake so ya ce ya gani."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga murya ya kira Malama, ya ce ta taho da kowa. Suka fito suna tura juna, jikoki suna rataya a wuyan gwaggonsu. Mijin Malama ya ce, "Lafiya, Baba? Ko Gwaggo Sifili ce ta zo da sabon labari?" Aka yi dariya, irin dariyar da aka saba yi a gidan in an ambaci sunan.

Tana kallon fuskar Yaya lokacin da dariyar ta same shi. Ta ga bakinsa ya buɗe, ya rufe. Sannan ta ga murmushin nan na gefen baki ya taso, shi ɗin dai, bai tsufa ba ko kaɗan.

"Ku kawo wa gwaggonku shayi," in ji shi. "Tsohon zancenta ne ta tono."

Malama ta riga ta zare hoton daga cinyarsa. Ta karanta lambar, ta dubi kitson yarinyar da labulen, ta dubi gwaggonta. Dariya ta ɗauke a barandar. "Baba, wannan ai falon Kaka ne. Kai ka ɗauka? Gaskiya ne ke nan?"

Yaya ya juya fuskarsa wajen titi. "Ni yanzu me nake gani, 'yar nan? Kun san idona."

Gwaggon ta ɗauki jakarta, ta sauke jikan da ke cinyarta a hankali, ta bar musu hoton ta fita. Ta ƙarasa kwali na takwas da na tara, don mutanen da ke neman hotunan iyayensu ba su yi mata laifi ba. Ta sa aka mayar da kwalayen duka, ban da ambulan ɗaya. Ba ta ƙara taka barandar ba.

Bayan kwana goma Malama ta zo shagon. Ta tsaya a bakin ƙofa tana juya mukullin mota a hannu. Ta ce ta bincika, haka wasannin zamanin suke, in lamba ta cika sai ta koma farko, ba wani abin ɓoye ba ne. Ta ce ta tara yara ta yi musu magana. Sannan ta ce, "Gwaggo," ta tsaya nan, ba ta ƙara komai a kai ba.

Gwaggon ta ɗauka in wannan rana ta zo za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Abin da ta gani shi ne yadda abin yake da sauƙi: kallo ɗaya, minti biyar a baranda, sunan ya faɗi. Baba mutum ne da ake nuna wa ya yarda. Da an miƙa masa wannan takardar, da ya cire hula ya sunkuya ya karanta, ya tashi da kansa ya nemo alli.

Ta ce wa Malama ta zauna, ta ja mata kujera. Wani lauya ya leƙo da takardu a hannu, ta karɓa ta duba, ta turo masa shafi na biyu ta ce kwanan watan ba daidai ba ne.